Shaidar da Hammawa ya haɗiye

Hammawa mutumin Kafin Dafga ne, dillalin shanu, dogo siriri, mai magana kamar ana sayenta a wurinsa. Ba ya cin abinci a kasuwa, ba ya ɗaga murya ko da sa ya kwance. Saboda haka mutanen Ƙaraye suka mai da shi shaidarsu, duk cinikin da aka ƙulla a gabansa sai a ce ya ƙullu.

A shekarar 1987 Alhaji Sulle ya ba Shitu mai injin niƙa hayar shagonsa na bakin tasha. Lukumanu, ɗan Alhaji da ya yi boko, shi ya rubuta takardar: shekara biyu, kuma kada a taɓa ginin. To, injin niƙa ba ya zama sai an fasa daɓe an kafa shi da siminti. Shitu ya je ya durƙusa ya faɗa wa Alhaji haka, Hammawa yana zaune a gefen tabarma.

"Kai, rabu da takardar yaran nan," in ji Alhaji. "Fasa ka kafa abinka, ka zauna shekara goma. Hammawa, ka ji ko?"

"Na ji, Alhaji."

Aka shafa fatiha. Ba wanda ya ce a gyara takarda, don cewa haka tamkar ƙaryata dattijo ne a kan tabarmarsa.

Bayan damina uku Alhaji ya rasu. Lukumanu yana son shagon ya buɗe kantin magani, sai ya fito da takarda ya ce wa'adi ya wuce, ga kuma daɓe an lalata. Magana ta kai gaban alƙali. Shitu ko a jikinsa, ai yana da Hammawa.

Sai dai a tsakanin nan Lukumanu ya auri Jamilatu, 'yar farin Hammawa, wadda uban ko sunanta ba ya faɗa don kunya. A ƙofar kotu Lukumanu ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa. "Baffa, an zo lafiya?" Hammawa ya kau da kai kamar yadda ya saba. Mutumin da bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba, yau shi zai kunyata shi a bainar jama'a?

Da alƙali ya tambaye shi, sai ya sunkuya ya ce, "Allah ya gafarta malam, tsufa ya zo. Ban riƙe ba." Ƙarya ce, har tabarmar da suka zauna yana iya tunawa. Lukumanu ya rantse bai san an yi wannan magana ba, kuma gaskiya ya faɗa. Alƙali ya bi takarda, ya ce Shitu ya bar shagon. Aka haƙo injin, wajen haƙowar gindinsa ya tsage. Shitu ya sayar da shi a wulakance, ya koma Rogo yana yi wa wani aiki.

Tun daga ranar Hammawa bai ƙara yarda ya tsaya wa kowa shaida ba. Mutane suka ce tsantseni ne, suna yabonsa, yabon kuwa yana ci masa rai.

Sai bayan shekara bakwai ya iya hawa mota zuwa Rogo. Ya tarar da Shitu fari fat da gari, inji na ruri, mata sun yi layi da ƙorai. Shitu ya taro shi da murna ya shimfiɗa masa buhu. Hammawa ya sunkuya ya ce a hankali, "Shitu, ranar nan ban manta ba. Ka yafe ni."

Ashe ƙarar inji ta cinye kunnen Shitu. Ya kara hannu a kunne ya matso.

"Ɗaga murya, Baffa! Me ka ce?"

Matan nan duk suka juyo. Hammawa ya dube su, ya dubi Shitu. Ya buɗe baki da iya ƙarfinsa.

"Na ce yaya aiki?"

"Da godiya, Baffa! Allah ya bar zumunci!"