Ƙwayoyin Zuwaira Mai Kitso

Duk macen da ta taɓa zama gaban Zuwaira mai kitso a Illela ta san hannunta da sanyi, bakinta kuma ba ya hutawa. Har daga Ƙwanni mata ke ƙetaro iyaka su zo ta yi musu shuku.

Shekara huɗu da suka wuce ƙaiƙayi ya kama tafin hannunta. Ba ƙurji, ba kumburi, sai susa kawai, har ta ajiye tsinken kitso. An yi jiƙe-jiƙe an gaji, sannan mijinta Mannir ya kai ta asibiti a Sakkwato. Likita ta ce wani ciwon hanta ne da ba a cika gani ba, yana lalata hanyoyin ɗaci a hankali. Ba ya warkewa, amma in ta riƙe ƙwayoyin da aka rubuta mata kullum, hantar za ta daɗe tana aiki.

Ta riƙe, susar ta lafa, ta koma kan tabarmarta. Labari kuwa ya zaga gari cewa Zuwaira na da maganin ƙaiƙayi mai kyau. Mai ƙyasbi ta zo, mai ƙurajen zafi ta zo. A unguwarsu, wanda ya hana maƙwabci magani ai ya hana shi ruwa. Sai ta riƙa ɓallo bibbiyu tana miƙawa, na wata uku ya ƙare a wata biyu.

Da ta koma awon jini, likita ta daɗe tana duban takarda.

"Malama Zuwaira, kina shan maganin nan kuwa?"

"Muna sha, likita."

"Ku da wa?"

Ta soma lissafo sunaye. A na bakwai likita ta ajiye biro, ta ce su ba abin da zai yi musu, ita kuwa hantarta ce ke biyan kuɗin kirkin nan.

A mota Mannir ya ce kawai ta riƙa cewa babu.

"In yi ƙarya ga kwali ana gani? Gobe a ce Zuwaira ta koyi rowa?"

Ita ta samo dabara. Ta kwashi kwalayen ta kai wa Gwaggo Rakiya, ƙanwar mahaifinta, tsohuwar da ko aron tsintsiya sai ka kawo shaidu.

Yanzu kowace safiya Zuwaira kan leƙa ɗakin Gwaggo.

"Mi ya kawo ki?"

"Kin sani, Gwaggo."

"Buɗe bakin. Haɗiye nan gabana, ban yarda da hannun nan naki ba."

Mai neman magani kuwa, Zuwaira kan ce cikin fara'a, "Wallahi yana wurin Gwaggo, je ki tambaye ta." Mace ɗaya ce ta taɓa gwadawa. Ta dawo da shawarar ta riƙa wanka sau biyu.

Awon da aka yi wa Zuwaira bayan Sallah ya yi kyau. Gwaggo ta ce ai aikinta ne, don haka kitson ranar Juma'a kyauta za a riƙa yi mata.