Ƙafar Umma

Kowa a layinmu na Makera cewa yake taurin kan Umma ne ya kusa jawo a yanke mata ƙafa. Ba haka ba ne. Ba ta taɓa fashin ranar ganin likita ba, ni ke tare mata keke.

Ciwon suga gare ta, sai gyambo ya fito mata a babban yatsa. Wata uku tana zuwa asibitin gwamnati, gyambon sai ci yake. Ranar da na gaji na bi ta har ɗakin likita, a nan na ga inda gizo ke saƙar. Matar da ta shiga kafin mu, 'yar Barnawa, unguwar masu hali, da makullin mota a hannu, ta daɗe a ciki tana zuba Turanci. Da aka kira Umma, likitan ko ɗago kai bai yi ba, ya tambaye ta jiki. Ta ce da sauƙi, Alhamdulillahi. Haka aka raine ta, ba a kai wa babba kuka, balle a buɗe masa ƙafa mai wari. Ya hau rubuta maganin da ya saba.

Na ce, "Likita, babu wani sauƙi. Kwana huɗu ba ta runtsa ba. Ka duba ƙafar."

Umma ta mintsine ni a cinya. Nas ɗin da ke tsaye ta taɓe baki, wai mu Hausawa haka muke, sai abu ya ruɓe muke zuwa. Na miƙa mata katinmu na ce ta ƙirga zuwan da muka yi.

Likitan dai ya ajiye biro. Da ya kwance bandejin fuskarsa ta canza, ya ce da an ƙara mako biyu da wata maganar ake yi. Da kansa ya wanke ciwon, ya sauya magani, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Mama, in yana zafi, ki gaya mini yana zafi."

Har muka iso gida tana mita wai na kunyata ta gaban mutane. Ban kula ba. Gyambon ya rufe kafin azumi, yanzu da ƙafarta take zuwa cefane.

Akwai tsofaffi uku masu hawan jini a layinmu da ke zuwa asibiti su kaɗai. Na roƙi matar da nake koyon ɗinki a shagonta a Kakuri ta bar mini safiyar Talata. Ni zan riƙa shiga da su ɗakin likita.