Kwalba a Shagon Kwalliya

Ina jiran layin lalle a wani shagon kwalliyar mata da ke unguwar Ƙurban a ƙasa mai tsarki, wata mata kuma tana zaune a kujerar da ke kusa da ni. Za ta kai shekara arba'in. An gama yi mata irin kwalliyar da 'yan fim ke yi ranar karɓar kyauta: fatar ido sai ƙyalli, an taje gira sama, jambaki kalar hanta. Da gani biki za ta. Amma ko madubi ba ta kallo. Wata kwalba ta rungume a cinya, an ɗaure bakinta da ƙyalle, ruwan ciki ja ne mai duhu.

Takan buɗe, ta kai hanci, ta yamutsa fuska, ta rufe. Can kuma ta sake. Na rasa me ya haɗa wannan ado da wannan kwalba. Magani ne? Ko wani haɗi ne da tsohuwarta ta saba yi, yanzu babu ita?

Ta ji ina waya da Hausa, sai ta juyo.

"'Yar'uwa, lau samahti, don Allah shinshina min. Inabi na jiƙa a gida don ya zama khal, ruwan tsamin nan na girki, uwar amarya zan kai wa. Turaren wurin nan ya toshe min hanci. Ya zama, ko har yanzu giya ce?"

Na shinshina. Tsami dai na ji.

Na ce, "Wallahi ban taɓa jin warin giya ba."

Ta ce, "Ni ma fa haka."

Mota na ta yi mata hon a waje, ita ko ba ta motsa ba.