Ranar da Na Yi wa Baba Cirar Ciyawa

Shekara guda bayan an ba mu jihar Kebbi aka tura ni Aliero koyar da lissafi. Asalinmu mutanen ƙasar Zuru ne, amma mahaifina soja ne, don haka a bariki na tashi. Albasa dai na san ta a miya, na san ta a buhu, ban taɓa tambayar yadda take kafin ta shiga buhun ba. Sai ga ni a garin da kowane gida yake ci da ita, yake sutura da ita, har allin da nake rubutu da shi ji nake yana warinta.

Ɗaki na samu a gidan wani dattijo manomi, wanda kowa ke kira Baba, ni ma na bi sahu. Shi kuwa Ticha yake ce mini. A duk unguwar ni kaɗai ne Kirista, kuma na ɗauki wannan da girma fiye da yadda kowa ya ɗauka. Ran Lahadi in hau keke in tafi sujada Jega. Kullum da safe kuma in karanta Littafi Mai Tsarki, in buɗe wani littafin rubutu mai jan bango in rubuta abin da na fahimta da yadda zan yi aiki da shi a wannan rana. Har yanzu littafin yana nan. Duk labarin da na karanta, idan akwai mutumin kirki a ciki, to ni ne shi. Sauran guraben kuwa mutanen unguwa nake raba wa, ba tare da sun sani ba.

Wurin da na sha wuya shi ne umarnin a ƙaunaci maƙiyi, domin ba ni da maƙiyi. Matan gida suna aiko mini da tuwo, malamin makarantar allo na ƙofar gida yana tsayawa mu gaisa, ba wanda ya taɓa harara ta. Umarni kuwa yana nan yana jira. Sai na duba na zaɓi ƙanen Baba. Mutum ne dogo mara fara'a, gidansa yana bayan namu. In ka gaishe shi sai ya ce "Uhm" ya wuce. Tsakaninsa da Baba akwai tsohuwar rigima kan iyakar gona a fadama, shekaru ba sa cin abinci a kwano ɗaya. Na rubuta shi a littafina, na sa masa "maƙiyina", na riƙa yi masa addu'a kowace safiya. Ba ƙaramin daɗi nake ji ba in na gama.

Da damina ta ja baya, Baba ya yafa irin albasarsa a fangali uku, wato 'yan komayen da ake rainon iri a ciki kafin a yi dashe. Irin nan ba na kasuwa ba ne. Na mahaifinsu ne, kowace shekara Baba yakan ware manyan kawuna ya bar su su yi fure, ya tara ƙwayar a ƙwarya ya rataye. Bai fi mako biyu da yafawa ba ya faɗo daga saman mota a hanyar dawowa daga kasuwar Maiyama, ƙafa ta karye. Aliero ba a rasa masu ɗori, nan da nan aka ɗaure ta da karare, aka ce kada ya taka. Ɗansa namiji yana kudu da lodin albasa. Wani maƙwabcin gona ne yake ba irin ruwa da safe, shi ma nasa aikin ya sha masa kai.

Wata Alhamis na shiga zaure duba shi, na same shi ya yi tagumi.

"Baba, ƙafar ce?"

"Ƙahwa za ta ɗoru, Ticha. Irina nika tunani. Ciyawa na nan tana cin shi, ni ko ga ni kwance."

Washegari da safe karatuna ya faɗa daidai wurin da aka ce in za ka yi alheri ka yi shi a ɓoye, kada ka buga ganga. Na ce to, wannan ai da ni ake. Na rubuta shafi guda cur a kan haka. Na kuma yi dabarar da na riƙa yaba wa kaina: Juma'a ce, makaranta na tashi da wuri, in maza sun tafi masallaci fadama za ta zama ba kowa.

Haka kuwa aka yi. Na naɗe ƙafar wando na duƙa a fangalin farko. Tsiro iri biyu na gani. Akwai wasu kore shar, masu ƙarfi, tsaye ƙyam. Akwai kuma wasu sirara kamar gashi, a cunkushe, wasu ma kansu a lanƙwashe, sun cika ko'ina. Ban yi wata-wata ba. Abin da ake shukawa ai shi ne mai kyan gani, wannan tarkacen kuwa shi ne ciyawar da ke damun Baba. Na shiga tuge sirara ina barin masu ƙarfi. Daga baya an sha tambayata ko ban ji warin albasa a hannuna ba. Na ji mana. Amma a Aliero me ba ya warin albasa?

Na gama fangali uku tas. Don kada ciyawar ta sake kamawa, na kwashe ta na zuba a wani rami mai ruwa na danne da ƙafa. Na wanke hannu ina rera waƙar sujada, na koma gida ta bayan gari. Da yamma har na shiga na yi wa Baba sannu, ina ta ƙoƙarin danne murmushi.

Asabar da hantsi na ji salati daga cikin gida. Maƙwabcin gonar ne ya zo da labari: an bi irin Baba an tuge shi ɗaya bayan ɗaya, an bar masa ciyawar aya-aya tsaye, kamar don izgili. Ina ɗaki ina gugar riga na ji wannan. Sai da na ji ƙauri na tuna da dutsen guga.

Da a ce na fita a lokacin na faɗi gaskiya, da abin bai wuce kuka da dariya ba. Ban fita ba. Kafin azahar magana ta riga ta sami mai ita. An lura ƙanen Baba bai zo Juma'a ba ranar. An tuna rigimar iyaka. Wani ya ce wannan aikin wanda ya san albasa ne, tun da bai bar ko ɗaya ba. Wannan yabo ne kaɗai aikina ya samu.

Kwana shida na yi ina shiru, kuma ban fasa karatun safe ko sau ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni kunya ke nan in na buɗe littafin yau. Ashe mai neman mafaka a cikin Nassi ba ya rasawa. Ran Litinin na rubuta cewa akwai lokacin magana, akwai lokacin shiru. Ran Talata na rubuta cewa Allah zuciya yake dubawa, ni kuwa zuciyata fara ce. Ran Laraba na koma kan batun yin alheri a ɓoye, na nuna wa kaina cewa in na faɗa yanzu na ɓata ladan. Akwai kuma misalin da na yi ta tsallakewa, na mai gonar da ya hana barorinsa cire ciyawa don kada su haɗa da alkama. Watanni kaɗan kafin nan ni na koyar da shi a Jega, har wata tsohuwa ta ce Allah ya yi mini baiwa. Da na zo kusa da shafin sai in haɗa ganye biyu in juya.

Gaskiyar magana tsoro nake ji. Ina tsoron a ce da gangan na yi, ina tsoron a kore ni daga gidan, amma abin da ya fi duka shi ne a yi mini dariya. Ni da nake ganin an aiko ni in zama haske a unguwa, a ce ban san albasa ba. A cikin kwanakin nan Baba ya daina cin abinci sosai. Ya aika wa ƙanensa cewa ko gawarsa kada ya zo. A bakin masallaci mutane suka daina ba mutumin hannu. Ni kuwa ina nan ina yi masa addu'a da safe, a matsayin maƙiyina.

Ran Alhamis bayan la'asar liman ya tara dattawa a zauren Baba, don a kashe maganar kafin ta kai gaban hakimi. Na raɓe a bakin ƙofa, da niyyar sauraro kawai. Ƙanen Baba yana zaune a gefe, ya ce ranar Juma'ar ya je Jiga Birni ne da jaki, bai dawo da wuri ba. Ba wanda ya yarda. Liman ya ce to rantsuwa ce za ta raba.

"Abu biyu za ka rantse," in ji liman. "Ba kai kay yi ba, kuma ba ka san wanda yay yi ba."

Ƙanen ya girgiza kai.

"Ta hwarko ina yi, Malam. Ta biyu ba ni yi."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce shi ke nan, sawa ya yi aka yi. Baba ya juya fuskarsa bango. Liman ya ce ya faɗi sunan, ƙanen ya ce ba zai faɗa ba. Bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya, kuma wannan rashin dubawar ne ya sa na gane ya sani.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na so in yi jawabi mai tsari, har da dalilai, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, ni ne. Ciyawa na je cire maka." Na tsaya kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Sai da na maimaita, na bayyana yadda na bar masu ƙarfi na cire sirara. Wani dattijo ya toshe bakinsa da hannun riga, kafaɗunsa suna girgiza. Baba bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Ticha, irin babanmu na." Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Liman ya juya wurin ƙanen. "Kai ko, mi ya hana ka hwaɗi?"

"Sanda nib biyo ta hwadama ya riga ya gama, yana wanke hannu yana waƙa," in ji shi. "Mai ɓanna ba ya waƙa. Amma baƙo na, kuma shi kaɗai na unguwag ga da addininai. In nic ce shi na, ba a cewa bai san albasa ba, wani abu dabam za a ce. Ni ko an saba zagina."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Na tsaya a wurin kunya ta rufe ni, idanuna suka cika. Shafi guda na rubuta a kan alherin ɓoye, na je na yi ɓarna da shi. Shi kuwa ya yi kwana shida ana ƙin ba shi hannu saboda ni, bai gaya wa kowa ba, ni ma bai gaya mini ba.

Lokacin yafa sabon iri ya riga ya wuce. Da dashe ya zo, ƙanen ya raba nasa irin biyu ya aika wa Baba rabi, domin shi ma na mahaifinsu yake riƙe da shi. Baba ya karɓa. Ba zan ce rigimar iyaka ta mutu ba, don har na bar garin ana taɓa ta. Albasar shekarar kuma ba ta cika rabin abin da kowannensu ya saba samu ba, kuma ni na jawo. Baba bai kore ni ba, tuwo bai daina zuwa ba, amma ya fi wata biyu kafin ya sake tsokanata. Yaran makaranta kuwa har na yi canjin wurin aiki, in na juya ina rubutu a allo sai in ji wani ya yi tambaya a hankali ko aya-aya ta yi tsada bana.

An bar ni na yi dashen tare da su, bisa sharaɗin kada in cire komai daga ƙasa. Ƙanen Baba ne yake miƙo mini tsiron, ni in dasa inda ya nuna da yatsa. Ranar farko na tattara ƙarfin hali na ce masa, "Kawu, ka yafe mini. Kuma na gode." Ya ce, "Uhm." Daga baya matar Baba ta gaya mini haka yake amsa wa kowa tun yana yaro, har mahaifiyarsu.

Da na koma ɗaki na buɗe littafin mai jan bango, na ɗauki biro zan soke kalmar nan da na sa masa. Na ƙirga ta a shafi fiye da yadda zan iya sokewa ba tare da na yaga littafin ba. Sai na bar ta. Duk sanda na ji karatun safe ya fara yi mini daɗi da yawa, nakan buɗe wurin in ga wanda na rubuta maƙiyina.