Hular Ƙaho ta Roba

Shekara ashirin na yi ina tuƙa injin haƙa a Landan, amma akwai wata safiya da har yau ta ƙi fita daga raina. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku ba ni kunnenku.

Ƙarshen shekarun tamanin ne, lokacin ina zaune a unguwar Edmonton. Kamfaninmu ya samu kwangilar gina rukunin shaguna a tsakiyar gari, kusa da kogi. Ga wanda bai sani ba, kafin a zuba harsashi a irin wannan wuri akan ba masu binciken kayan tarihi 'yan makonni su tona. Shugabarsu wata dattijuwa ce, Dakta Helen. Ita ta gaya mana cewa a ƙarƙashin ƙafarmu akwai mashigar jiragen ruwa ta zamanin Vikings, mutanen arewacin Turai da suka riƙa zuwa hari da fatauci sama da shekara dubu baya. Da idona na ga abin da suka fitar: mataji na ƙaho, takalmin fata, da katakai baƙi ƙirin waɗanda laka ta adana.

Manajanmu, Mista Terry, ko ganinsu ba ya so. "Masu cokali" yake ce musu, saboda da ɗan cokalin magini suke kankarar ƙasa. Ranar da wa'adinsu ya cika suka tafi, har fito yake yi.

Kowane direban inji yana da mai tsaya masa a ƙasa yana yi masa ishara da hannu. Nawa Baba Issaka ne, mutumin zangon Kumasi ta ƙasar Gana. Kwana uku bayan tafiyar masu binciken, ina cikin haƙa sai na ga ya ɗaga hannu biyu sama.

"Sani, sauko," ya ce. "Mutum ne."

Na sauko. Ga ƙoƙon kai a gefen ramin, ga haƙarƙari a jere. Ƙa'ida a nan ba ta da wuya: idan ƙashin mutum ya fito, a tsayar da aiki, a kira 'yan sanda, su kuma su nemo masu bincike. Terry ya fi mu sanin haka. Ya zo ya leƙa, ya taɓe baki.

"Ƙashin saniya ne. Koma bakin aikinka."

"Yallaɓai, a bayan mahauta na girma a Jos. Ban taɓa ganin saniya mai irin wannan kai ba."

"Na riga na yi booking ɗin motocin kankare. Ko ka hau inji, ko ka kama hanyar ƙofa."

Ba zan yi muku ƙarya ba, ina matuƙar buƙatar aikin nan. Maiɗakina na da tsohon ciki, muna zaune a ɗaki ɗaya muna jiran flat, wato gidan haya, daga council, ƙaramar hukuma. Amma na dubi mutumin nan, wanda wasu suka kwantar da hannunsu suka yi masa kuka, na ce ba da injina za a niƙe shi ba. Na kashe inji. Baba Issaka ya ce da Hausarsu ta Kumasi, "Bari in kira matan nan, shi ne ya san abin da za a yi." Dakta Helen yake nufi. Ya nufi akwatin tarho na bakin titi.

Kafin azahar 'yan sanda sun zo, Dakta Helen ta biyo tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta iso tana haki. Aiki ya tsaya mako biyu, aka fitar da wasu kaburbura bayan na farkon. Ni kuwa aka sauke ni daga inji, aka ba ni tiyo ina wanke tayoyin manyan motoci a bakin ƙofa. Wata bai ƙare ba aka sallame mu, ni da Baba Issaka. 'Yata ta zo duniya ina zaman gida.

Da aka gama ginin, ni da Baba Issaka muka je kallon bikin buɗewa. Sun rataye jirgin Vikings na roba a tsakar wurin. Sai ga Terry, wanda ya zama darakta, ya hau dandamali da hular ƙaho ta roba a kansa.

"Da muka ci karo da tarihi," in ji shi, "nan take muka tsaya, domin mu masu girmama magabata ne."

Aka ɓarke da tafi. Dakta Helen na tsaye can baya kusa da mu, ba a ko ba ta kujera ba. Ta ce a hankali, "Vikings ɗin nan ba su taɓa sa hula mai ƙaho ba." Na tambaye ta ina katakan nan. Ta ce turakun ginin sun ratsa ta cikinsu, yanzu wurin ajiye motoci ne. Baba Issaka ya auna wurin da idonsa, ya nuna min wani shago. "Daidai nan mutumin ya kwanta. Yanzu soyayyen kaza ake sayarwa."

Abin da na koya shi ne, manyan sana'ar nan ba sa ƙin tarihi. Jira suke kankare ya bushe a kansa, sannan su sayar da hotonsa. Idan ranarku ta zo, ku tsayar da inji, amma kada ku jira tafi. Tafin na mai hula ne.