Buhun Surukina a Hanyar Ruga

Da magana tana komawa ciki bayan ta fita, da na mayar da wadda na faɗa a shingen 'yan sa-kai makon jiya. Ba ta da tsawo, amma ita ta sa mijin ɗiyata ya durƙusa cikin rana a gaban baƙin ido. Bari in ɗauko muku labarin daga tushe.

Muna fitowa daga sallar asuba muka hau ɗaurin kaya a ƙofar gidana, nan Bodinga. Ina da 'yan shanu a hannun wani Bafulatani can bayan Horo Birni, kuma kowace damina nakan je in kwana a rugarsa, in kai musu kanwa da magani. Ɗana ne ya saba kai ni, to bana zazzaɓi ya kwantar da shi. Sai ɗiyata ta ce ai mijinta yana da babban babur, shi zai kai ni. Ban taɓa tafiya da shi ba. Tun da aka ɗaura aurensu, abin da ke haɗa mu gaisuwa ce kawai, shi a tsugunne, ido a ƙasa.

Kayan mutum biyu a babur ɗaya ba wasa ba ne. Ga buhun kanwa, ga jarkar ruwa, ga tampol na kafa rumfa, ga tabarma da gidan sauro da buta da 'yar tukunya. Ni na jibga su duka a kan kariyar bayan babur, suka yi tsiri kamar rumbu. Na shiga gida ɗauko hula, kafin in fito surukina ya kwance su ya sake shiri: kanwa ta sauko gefen dama, jarka gefen hagu, masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, ya ɗaure su tamau da robar tsohon tib na taya. Tabarmar kuwa ya naɗe ta ya gitta a tsakiyar kujera, tsakanin bayansa da cikina. A can baya na hangi wani buhu da ban san da shi ba.

Na ce, "Malam, wanga buhu hwa?"

Ya ce, "'Yan tarkace na, Baba." Ya ƙara jan roba.

A tasha muka fara tsayawa. 'Yan bas suna ta kiran Sakkwato, masu keke mai ƙafa uku suna kutsawa, ga warin albasar da ta kwana a buhu. Mai ya yi tsadar da mai sayarwa ma sai ya ba ka haƙuri kafin ya faɗi kuɗin. Surukina ya cika tanki, ya kuma cika wani galan daban. Na sayi koko da ƙosai, ƙosan kamar ƙwan kurciya don ƙanƙanta, na miƙa masa, ya ce ya ƙoshi. Ina kurɓar koko na hango shi da wutsiyar ido wajen mai burodi. Ya sayi manya ba ɗaya ba, ya waiga ko ina kallo, ya cusa su cikin buhun nan.

A ƙasarmu yanzu yaro ma ya san abin da ake zargin mutum da shi idan ya nufi daji da mai da burodi: masu kai wa 'yan bindiga kaya ke nan.

Kwaltar Shagari ba laifi, sai ramuka nan da can. Gero ya yi kai, shar da shi har inda ido ya tsaya. Amma ni ba gero nake kallo ba, ƙeyarsa nake kallo. Buta tana dukan ƙuguna a kowane rami, zuciya tana dukana daga ciki. Da muka wuce Shagari muka sauka hanyar ƙasa, sai ya tsaya a gindin wata tsamiya, ya shimfiɗa mini tabarma, ya kwance buhunsa ya shige gonar gero da shi. Ya jima. Da ya dawo na lura buhun ya ɗan rage tudu. Ba mu yi nisa ba wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya tsayar da babur, ya yi can nesa yana magana ƙasa-ƙasa, hannu a baki. Na ce a raina, shi ke nan, ana tambayarsa ko ya taho da tsohon mai shanu.

Haka muka isa wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba. An gitta itace a hanya, matasa 'yan sa-kai suna zaune da bindigogin gida da gorori. Wani dogo ya zagaya babur yana bubbuga kaya.

"Baba, mi ad da ku ciki?"

Na lissafa masa nawa. Da ya ɗora hannu a kan buhun, tsoro da zargi suka haɗu suka buɗe mini baki. Na ce, "Wanga ba nawa na ba. Ban san abin da a ciki nai ba, ku tambaye shi."

Nan take fuskokinsu suka sauya. Aka ce surukina ya sauka ya durƙusa. Aka yanke robar, aka zazzage buhun a ƙasa. Burodi ya gangaro, ɗaya an gutsure shi rabi. Ga ƙuli-ƙuli da sukari a leda, ga wata tsohuwar tabarma, ga gidan sauro na biyu, ga ƙaramin kwano. Dogon nan ya daka masa tsawa.

"Wa za ka kai ma burodi? Ga mai kuma! Hwaɗi gaskiya tun ba ka sha kashi ba!"

Surukina ya sunkuyar da kai, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Mutanen gari suka fara taruwa. Wani ya ɗaga gora. Sai wani dattijo a cikinsu, mai furfura kamar tawa, ya tsayar da shi, ya dube ni.

"Alhaji, mi at tsakaninka da shi?"

"Mijin ɗiyata na."

Dattijon ya dubi gutsuren burodi, ya dubi tabarma ta biyu, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

"Haba Alhaji! Kai zamaninka gaban surukinka kaka cin tuwo? Ko tabarma guda kuka kwana? Yaro ya ɗauko abincinai da shimfiɗatai don shi ɓuya shi ci, shi kwana nesa da kai, kai ko ka kawo muna shi mu karya!"

Aka duba wayarsa, lambar da ta kira shi a hanya ta ɗiyata ce. Tambaya take ko na sha maganina. Galan ɗin kuma na dawowa ne, don babu mai a ruga. Matasan suka yi ta ba shi haƙuri suna kakkaɓe masa gwiwa. Shi ya tattara kayansa, ya ƙulla robar da aka yanke, ya sake ɗaurin kamar yadda ya yi da safe, sannan ya riƙe babur ya ce, "Bismilla, Baba."

Mun sami shanu lafiya, ɗaya ma ta haihu. Matar Bafulatanin ta dama mana fura da nonon da rabona da irinsa tun bara. Surukina ya kafa mini rumfar tampol a tudu, ya ɗaura gidan sauro, shi kuma ya ja shimfiɗarsa bayan garke. Kafin mu juyo na kira shi na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ba komi, Baba." Wannan "ba komi" ta fi mini zagi ciwo.

A hanyar dawowa babu kanwa, kaya sun yi sauƙi, amma a ƙauyen nan yara suna nuna shi suna cewa ga mai burodi. Mun shigo Bodinga da la'asar. Har yau bai faɗa wa ɗiyata ba. Ni na faɗa mata da bakina, ta tashi ta ba ni wuri, kuma tun ranar ba ta aiko mini da jikokina ba.

Tsoron da ya shigo ƙasar nan ya sa na ga ladabi na ɗauka munafunci ne. Ina roƙonku, duk wanda zuciyarsa ba ta kwanta da abokin tafiyarsa ba, ya tambaye shi a keɓe, ko ya aika wani ya tambayo masa. Kada ku yi irin tawa, ku bari sai a gaban masu gora.