Ranar da Ndagi Ya Fidda Hannun Hagu

Duk wanda ya san Ndagi Mai Talabijin a Kpakungu, da hannu ɗaya ya san shi yana aiki. Ba nakasa ba ce. Da zarar ya buɗe bayan talabijin mai doro, sai ya cusa na hagu a aljihu, ya bar na dama ya yi ta fama. Shagona na ɗinki yana jikin nasa, ni Bakatsine, shi Banufe, abokan wasa, don haka bai taɓa hutawa da bakina ba.

"Bawana, me kake ɓoyewa a aljihun nan? Kifi?"

"Raina nake ɓoyewa, Bakatsine. In wuta ta shiga ta wannan hannu tana neman fita ta wancan, ta ƙirji za ta bi. Kai da allura ce kaɗai ke sukarka, ina za ka gane?"

A Bida ya koyi aikin, kuma a gabansa wuta ta kashe abokin koyonsa Zikrullahi, wanda ya dafa ƙarfen akwati da hagu yana taɓa ciki da dama. Tun daga ranar Ndagi bai sake ba wuta hannu biyu ba.

Da talabijin na bango suka cika gari, aiki ya ja baya. Abin da ya rage masa shi ne tsofaffin injinan gidan gem, dogayen akwatunan nan da ake jefa wa kwandala, don masu su ba su da wanda ya san cikinsu kamarsa. Ana nan hawan jini ya kayar da shi. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma hannun dama ya tashi da rawa. Ya ce zai daina. Muka ce Allah ya sa.

Wata safiya Kambai, mutumin kudancin Kaduna mai gidan gem a Chanchaga, ya sauke inji daga Keke. Hoton ya tsuke, ya dushe, 'yan damben da ke ciki sun koma kamar masu azumi.

"Baba, ka taimaka. Wannan ne samari suka fi so."

Ndagi ya jingina madubi a gaban injin don ya riƙa ganin hoton daga baya. Ya buɗe, ya maƙala mita, ya duba.

"Wutar ce ta yi ƙasa. Akwai ɗan sukuru can ciki, shi za a juya. Amma sai inji na kunne, ido na kan mita. In ya zarce, ya ƙone."

Aka kunna. Ya sa hagu a aljihu, ya yi bismilla, ya zura siririyar sukudireba. Sukurun bai kai ƙwayar wake ba, kewaye da shi kuwa duk wuta ce. Bakin sukudirebar ya je ya kauce. Ya sake, ya kauce. Ina jin ƙarar bugunsa ƙas-ƙas daga inda nake tsaye. Zufa ta karyo masa. Sai na ga hagun ya fito daga aljihu a hankali, ya nufi ƙarfen akwatin don ya sami abin dafawa.



Shi da kansa ya ga hannun. Ya tsaya yana kallonsa kamar na wani. Sannan ya janye sukudirebar.

"Kambai, kashe."

"Ya gyaru, Baba?"

"Bai gyaru ba."

"To ka huta, gobe zan dawo."

"Gobe ma hannun nan ne."

Ya zubar da sauran wutar da ke cikin kwalbar da ke nuna hoton, ya rufe bayan injin, bai bar sukuru ko ɗaya ba. Ya ce Kambai ya kai wa Rilwanu, wani mai gyara a bakin kasuwa, ya gaya masa wutar ce kawai, ya juya sukurun kaɗan-kaɗan, kada ya yarda a ce sai an sayi wani abu.

Da Keken ya tafi na ce, "Bawana, ai sai ka koma rediyo mai batir. Ita ba ta kisa."

Ya yi murmushi. Ya ɗaga kai ya dubi allon da ke saman ƙofa mai ɗauke da sunansa.

"Bakatsine, kai ne dogon banza. Zo ka sauke min wannan."

Na jawo benci na hau.